Wa Ke da Iko da Binciken da Ke Rumbun Jami'a?

A ƙarshen shekarar 2013, kamfanin ɗab'i na Elsevier ya riƙa aika takardun gargaɗi zuwa shafin Academia.edu, daga baya kuma zuwa wasu jami'o'i, ciki har da Calgary ta Kanada da Harvard ta Amurka, yana neman a sauke maƙalun da malamai suka ɗora a intanet. Waɗanda suka ɗora ɗin ba ɓarayi ba ne. Su suka yi binciken, su suka rubuta, sunayensu ne a saman shafin farko. Da yawansu sun harzuƙa, suna tambayar yadda za a ce mutum ya saci abin da ya fito daga ƙwaƙwalwarsa. Amma a gaban shari'a kamfanin ne mai gaskiya, domin ranar da aka karɓi maƙalar, marubucin ya sa hannu a takardar da ta miƙa haƙƙin mallakar rubutun ga kamfanin, galibi ba tare da ya tsaya ya karanta ba. Murnar karɓuwa ba ta barin mutum ya karanta ƙananan rubutu.

Duk wanda aka ɗora wa nauyin kula da rumbun bincike na jami'a, da wannan takarda yake fama dare da rana. Rumbun da ake nufi shafi ne na intanet inda jami'a ke tara abin da malamanta da ɗalibanta suka rubuta, maƙalu da kundayen digiri da laccocin kama kujerar farfesa da takardun taro, don kowa ya karanta kyauta. Tunanin ya samo asali daga masana kimiyyar fiziya, waɗanda tun 1991 suke zuba rubuce-rubucensu a arXiv, wanda Paul Ginsparg ya kafa a Los Alamos. A 2000 Jami'ar Southampton ta Ingila ta fito da manhajar EPrints, a 2002 kuma MIT da kamfanin HP suka fito da DSpace, shekarar da aka fitar da sanarwar Budapest mai kira da a buɗe ƙofar bincike ga kowa. A Najeriya, an yi taron bita kan lamarin a Jami'ar Ahmadu Bello a 2008, Jami'ar Jos ta buɗe nata rumbun a 2009, ita kuma ABU nata rumbun ta raɗa masa suna Kubanni.

Manhajar kyauta ce, kuma ƙwararren mai kwamfuta ɗaya na iya kafa ta cikin 'yan kwanaki. Wannan sauƙin ne ya yaudari shugabannin jami'o'i a ko'ina cikin duniya. Sai a sayi na'ura, a yi bikin buɗewa, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Bayan shekara biyu a leƙa a tarar da rumbu babu kowa babu komai, in ban da jawaban shugaban jami'a da kalandar karatu. A ganina, abin da ke kashe rumbu ba lalacewar na'ura ba ne. Tambayoyi biyu ne da ba a amsa tun farko ba: wa ke da ikon ba da izinin ɗora wannan rubutu, kuma a wace gaɓa ta tafiyar aiki za a karɓe shi daga hannun mai shi? Tambayoyin a manne suke da juna, amma yawancin jami'o'i sukan bar su ga ma'aikacin laburare guda, ya yi ta lalube bayan aikin gama ya gama.

Maƙala ɗaya tana da fuska uku, kuma doka ba ta kallonsu da ido ɗaya. Akwai rubutun farko da marubuci ya aika wa mujalla. Akwai wanda ya gyara bayan masu tantancewa sun yi masa tsokaci, edita kuma ya ce an karɓa. Sai na ƙarshe, wanda kamfani ya tsara, ya sa lambobin shafi da tambarinsa. Malami na ƙarshen yake so a ɗora, don shi ne mai kyan gani, shi kuma ake kafa hujja da shi. Shi ne kuwa wanda yawancin manyan kamfanoni suka haramta. Na tsakiyar suke yarda a ɗora, shi ma sai bayan wa'adin jira, wanda kan kama daga wata 6 zuwa shekara 2, wani wurin ma har 3, gwargwadon mujalla. Domin ma'aikacin rumbu ya san ƙa'idar kowace mujalla, sai ya duba Sherpa Romeo, kundin da Jami'ar Nottingham ta daɗe tana kula da shi kafin ya koma hannun hukumar Jisc ta Birtaniya, wadda ta haɗe shi da 'yan uwansa a ƙarƙashin suna Open Policy Finder.

A nan gizo ke saƙar. Rubutun tsakiyar, wanda shi ne halal, shi ne ya fi saurin ɓata. Ranar da aka karɓi maƙala yana nan a kwamfutar malami. Bayan shekara uku, kwamfutar ta mutu, ko an sace ta, ko kuma fayil ɗin yana hannun abokin rubutu da ya koma wata jami'ar. In ma'aikacin laburare ya zo nema a lokacin, amsar da zai samu ita ce, ai ga ta buga nan, me kuma kake so? Saboda haka lokacin karɓa shi ne komai. Birtaniya ta gane haka, shi ya sa ƙa'idar da ta fara aiki a 2016 ta ce a wancan lokaci duk maƙalar da ake so a lissafa a gagarumin auna binciken jami'o'in ƙasar, wanda da shi ake raba kuɗi, sai an ajiye ta a rumbu cikin wata uku da karɓarta.

Tun kafin haka, Jami'ar Liège ta Beljiyam ta yi dabarar da na fi jinjina wa. Shugabanta na lokacin, Bernard Rentier, bai tsaya wa'azi ba. Da aka buɗe rumbunsu, ORBi, a 2008, sai aka kafa ƙa'ida cewa wajen ƙarin girma da neman tallafi na cikin gida, abin da ke rumbu kawai kwamiti zai duba. Ba a ci tarar kowa ba, ba a kori kowa ba. An dai mayar da rumbun hanyar da takardun mutum za su bi su isa teburin kwamiti. Dabarar tana da sashe na biyu da ake yawan mantawa: ajiyewa daban, buɗewa daban. Dole ka ajiye nan take, amma in kamfani ya hana buɗewa, sai a kulle fayil ɗin, a bar take da taƙaitaccen bayani a fili. Manhajojin EPrints da DSpace suna da maɓallin da mai karatu zai danna ya roƙi marubuci kwafi, shi kuma ya aika masa shi kaɗai. Duk wanda ya taɓa ganin malamin jami'a a Najeriya yana haɗa kwali-kwalin hoton maƙalunsa, ana ɗaurewa kwafi-kwafi don aika wa masu tantancewa na waje, ya san irin kuɗin takarda da wahalar da tsarin Liège zai rage mana. Malami ba zai yi aikin da bai ga amfaninsa a aljihunsa ko a muƙaminsa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai dai duk wannan bin bayan kamfani ne ana roƙonsa alfarma. Akwai masu ganin gara a tare matsalar daga tushe. A watan Fabrairun 2008 malaman tsangayar adabi da kimiyya ta Harvard suka kaɗa ƙuri'a, suka bai wa jami'arsu izini na dindindin na ajiyewa da rarraba duk maƙalar da za su rubuta nan gaba, izinin da bai hana su bai wa wani irinsa ba. Hikimar tana cikin wanda ya riga wani. Kamar manomi ne da ya bai wa maƙwabcinsa hanyar wucewa ta cikin gonarsa a gaban shaidu, daga baya ya sayar da gonar: mai saye ya sayi gona da hanyarta a ciki, ba shi da ikon toshewa. Duk abin da malami zai sa wa hannu daga baya, izinin jami'a ya riga shi. An bar ƙofar fita ga wanda mujalla ta matsa wa lamba, ya nemi a cire wannan maƙala ɗaya. MIT ta bi sahu a 2009. A 2020 gamayyar masu ba da tallafin bincike da ke bayan shirin Plan S ta ɗauki irin wannan salo, a 2022 kuma Jami'ar Edinburgh ta buɗe wa jami'o'in Birtaniya hanya.

Wasu ƙasashen ta majalisa suka bi. Jamus tun 2014 ta bai wa marubucin binciken da aƙalla rabin kuɗinsa na gwamnati ne 'yancin sake fitar da rubutunsa bayan wata 12, ko me yarjejeniya ta ce. Holan ta yi tata a 2015. Faransa a 2016 ta sa wata 6 ga kimiyya da likitanci, wata 12 ga adabi da nazarin zamantakewa. Kamfanonin ɗab'i suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce gaba ɗaya: tantancewa da tsarawa da adanawa suna cin kuɗi, in kowa ya samu kyauta ranar da aka buga, wa zai biya? Hujjar ta fi ƙarfi a bakin ƙananan ƙungiyoyin masana da ke rayuwa da kuɗin mujallarsu. Ta fi rauni a bakin manyan kamfanonin da ba sa biyan marubuci ko mai tantancewa ko sisi.

To mu fa? Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023, ta ce asalin haƙƙi na marubuci ne. Ta kuma ce miƙa haƙƙi kacokan ba ya inganta sai a rubuce. Amma tana da wani saƙo da ya kamata lauyoyin jami'o'i su zauna a kansa: aikin da mutum ya yi a bakin aikinsa na gwamnati ko na wata hukumarta, haƙƙinsa na gwamnatin ne ko hukumar, sai in an yi yarjejeniya saɓanin haka. Maƙalar malamin jami'ar tarayya ko ta jiha ta faɗa ciki? Al'adar jami'o'i a duniya ita ce a bar wa malami rubutunsa, amma al'ada ba ta tsayawa a kotu kamar takarda. Majalisar malaman jami'a ce za ta raba gardama da rubutacciyar manufa: rubutu naka ne, jami'a tana da izinin ajiyewa da nunawa. Shafi biyu sun isa.

Akwai kuma wata garaɓasa da ke gabanmu muna tsallake ta. Kaso mai yawa na binciken malamanmu ba a Elsevier yake ba. Yana cikin mujallun sassa da tsangayoyi da cibiyoyi, irin su Harsunan Nijeriya da Algaita a Jami'ar Bayero, da Harshe a Zariya, da Ɗunɗaye a Sakkwato. Irin waɗannan mujallu na gida ne, editocinsu abokan aiki ne, ofishinsu yana taku kaɗan daga laburare. Inda marubuci bai sa hannu a komai ba, haƙƙin maƙalarsa yana hannunsa. Wasiƙa ɗaya tsakanin babban ma'aikacin laburare da hukumar mujalla, haɗe da amincewar marubuta, na iya buɗe aikin shekaru masu yawa da yanzu sai mai uwa a gindin murhu ke samun kwafinsa. Sherpa Romeo ba zai taimaka a nan ba, sai tattaki da gaisuwa.

Babbar dukiyar jami'o'inmu dai ita ce kundayen digiri, kuma a nan ne tarkuna suka fi yawa. Jami'ar Virginia Tech ta Amurka ta wajabta miƙa kundi ta kwamfuta tun 1997. Karɓar kundi ta fi karɓar maƙala sauƙi, don ɗalibi ba ya samun sallama sai ya bi ta laburare, ƙofa a shirye take. Amma ɗalibi ba ma'aikaci ba ne. Kundinsa nasa ne, in ba wata yarjejeniya aka yi ba, ba na mai duba shi ba, ba kuma na sashe ba, ko da kuwa shafin tabbatarwa ya cika da sa hannun manya. Ajiye kwafi mai bango a kanta abu ne guda, baza shi ga duniya wani abu ne daban, kuma yana bukatar izininsa a rubuce a ranar miƙawa, tun yana tsaye a gabanka. Tun ran gini, ran zane.

Ko ya yarda ma, ba duk abin da ke cikin kundin ne nasa ba. A ɗauki kundin nazarin waƙa, wanda sassan harsunan Najeriya suka cika da irinsa. Rataye yakan ƙunshi matanin waƙoƙi sukutum, wani lokaci shafi ɗari ko fiye. Doka ta yarda a tsakuro don nazari da sharhi, gwargwadon bukata. Amma haƙƙin aikin adabi da na waƙa a Najeriya yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai shi ya rasu. Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan magadansa suna da ta cewa har ƙarshen 2069. Na Abubakar Imam, da ya rasu a 1981, sai 2051. Sa'adu Zungur, da ya rasu a 1958, nasa ya kusa fita, ƙarshen 2028. Rataye da malamai biyar suka karanta a ɗakin jarrabawa bai dami kowa ba. Ranar da ya hau intanet ya zama diwani na kyauta. Abin da jami'o'in da suka san aiki ke yi shi ne karɓar kwafi biyu, cikakke a kulle, da wanda aka cire kayan wasu a buɗe. Haka taswirori da hotuna da jadawalin da aka kwaso daga littattafan mutane. Hatta tatsuniyoyi da waƙoƙin gargajiya da ba a san mai su ba, doka ta sa Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta zama mai kula da su in ana son cin kasuwarsu.

Wani tarkon ba na haƙƙin mallaka ba ne sam, amma a tebur ɗaya ake gamuwa da shi. Kundayenmu cike suke da jerin waɗanda aka yi hira da su: suna, shekaru, unguwa, sana'a, wani lokaci har lambar waya. Tsohuwar da ta yi wa ɗaliba bayanin bori ko maganin haihuwa a tsakar gidanta, an ce mata aikin makaranta ne. Ba a ce mata jikokinta za su ga sunanta a Google ba. Balle kundin da ya shafi masu jinya, ko 'yan gudun hijira, ko rikicin ƙauye da bai huce ba. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta hau kan irin wannan, amma ko babu doka, amana ce. Shi kuma ɗalibin kimiyya ko injiniya da ya ƙirƙiro abin da ya cancanci rajista, buɗe kundinsa kafin ya shigar da takardun nema na iya kashe masa haƙƙin ƙirƙirar, don sharaɗin rajista shi ne abin ya zama sabo da duniya ba ta gani ba. Masu son mayar da kundi littafi su ma suna da nasu tsoron. A 2013 ƙungiyar masana tarihi ta Amurka ta nemi a bai wa ɗalibai damar kulle kundinsu har shekara 6. An yi ta cece-kuce a kai. Ni dai ina ganin kullewa mai dalili a rubuce da ranar ƙarewa ba laifi, matsalar ita ce kullewar da ba ta da ranar buɗewa.

Tsoron da aka fi ji a bakin malamanmu shi ne satar fasaha: in muka ɗora, yara za su kwafa. Suna kwafa tun tuni. Kundin da ke kwance a kantar wata jami'a mai nisa shi ne abincin mai kwafa, don ba wanda zai gane. Manhajar gano sata ba ta iya kama abin da ba ta taɓa gani ba. Akwai dai wani tsoron da ba a faɗa da baki, wato kada ɗorawar ta tona wanda ya kwafa shekara ashirin da suka wuce, wanda mai yiwuwa yanzu shi ke shugabantar taron da za a yanke shawarar.

Tsofaffin kundaye, na shekarun 1970 da 1980, su ne ciwon kai na gaske. Masu su ba su ba da izini ba, don ba a san da intanet ba a lokacin, wasu sun rasu, wasu ba a san inda suke ba. Jami'o'i da dama a duniya sun zaɓi su ɗora, tare da sanarwa a fili cewa duk mai ƙorafi ya rubuto a sauke nan take a bincika. Hanya ce mai kasada, amma kasadar da hukumar jami'a ta auna ta ɗauka da saninta ta bambanta da wadda ƙaramin ma'aikaci ya jefa ta ciki da na'urar ɗaukar hoto. Yanzu da gwamnatin tarayya ta kafa rumbun ƙasa na NERD, ta kuma ɗaura ajiye aikin ɗalibi a cikinsa da tafiya bautar ƙasa a 2025, takardar izinin ɗalibi sai ta fayyace ko ta haɗa da miƙa aikinsa ga rumbun da ba na jami'arsa ba.

Bayan an gama da izini, sai aikin da ba wanda ke yaba wa: rubuta take da sunan marubuci da sashe da shekara daidai, yadda injin bincike zai gano. Mutum ɗaya yakan bayyana a Muhammad da Mohammed da Muh'd, ga sunan gari wani lokaci a gaba wani lokaci a baya, shi ya sa lambar ORCID, mai bambance kowane marubuci, da aka fara bayarwa a 2012, ta fi amfani a gare mu fiye da Turawa. Kundayen Hausa suna da ƙarin lalura. An buga da yawansu da tsofaffin haruffan kwamfuta irin su Rabi'at, waɗanda suka ɗora baƙaƙe masu lanƙwasa a kan alamomin baka. A takarda lafiya lau, amma a cikin fayil, ƙ alamar baka ce, ɗ ma haka. Mai neman kalmar da ke da su ba zai same ta ba, ko tana nan sau ɗari. In ba a juya su zuwa Unicode ba, aƙalla a take da tsakure, an ɗora ne kawai ba a buɗe ba.

Juyawar ma tana bukatar izini, haka ajiye kwafi a wani wuri. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna harin da 'yan kutse suka kai wa Laburaren Birtaniya a watan Oktoban 2023, wanda ya durƙusar da EThOS, rumbun kundayen digirin ƙasar, na dogon lokaci. Abin da ya cece su shi ne yawancin jami'o'in suna da kwafinsu a gida. Rumbun da ke kan na'ura ɗaya, a ɗaki ɗaya, mai dogaro da janareta ɗaya da ma'aikaci ɗaya da ya san kalmar sirri, kwanansa ƙidayayyu ne. Manhajar DSpace takan zo da samfurin takardar izini wadda ta tanadi waɗannan abubuwa biyu, sauya siga da ajiye kwafi fiye da ɗaya, tare da gargaɗi a samanta cewa kowace jami'a ta cire ta sa tata. Samfurin yana ɗauke da sunan wata jami'ar ƙage da masu manhajar suka sa don misali. Akwai rumbunan da ba a taɓa gyara shi ba, masu ajiya suna ta danna maɓallin amincewa shekara da shekaru, suna bai wa jami'ar da babu ita a duniya izinin rarraba bincikensu.